Ayari a Kan Teku: Tambayoyi da Amsoshi Kan Shugabanci da Haɗin Kai a Tafiyar Kayak

Akwai makarantu a Amurka da Ingila da wasu ƙasashe da ba sa koyar da shugabanci a cikin aji. Sukan ɗebi mutum goma zuwa goma sha biyu, su ba kowa ɗan ƙaramin jirgin ruwa da filafili da guzurin makonni, su shiga teku da su. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda mai jin wannan labari karon farko yakan yi. Yawancin misalan daga makarantar NOLS (National Outdoor Leadership School) ta Amurka suke, musamman tafiyar da take yi a gaɓar Alaska.

Wai shin mene ne kayak, kuma ina bambancinsa da kwale-kwalen da muka sani?

Kwale-kwalen Yawuri ko na Argungu a buɗe yake, mutum ɗaya ko biyu ke tuƙi, saura na zaune da kayansu. Kayak na teku siriri ne, tsawonsa wajen mita 5, faɗinsa kamar santimita 60, kuma samansa a rufe yake in ban da ramin da matuƙi zai zura ƙafafu ya zauna. Matuƙin yana ɗaura wani zanen roba a ƙugu, ya maƙala gefensa a bakin ramin don kada ruwa ya shiga. Filafilin baki biyu gare shi, ana tsoma dama, a tsoma hagu. Abinci da tanti da risho duk suna cikin rumbunan gaba da baya.

Mutanen Inuit da Aleut na can ƙuryar arewacin duniya ne suka ƙirƙiro shi don farauta. Da itacen da ruwa ya kawo gaɓa suke haɗa ƙashin jirgin, su lulluɓe da fatar dabbar teku, domin ƙasarsu ba ta da bishiyoyi. Na yau da roba mai ƙarfi ake yi, akwai kuma mai cin mutum biyu. Babban bambancin dai shi ne a ayarin kayak babu fasinja. Kowa direban kansa ne.

Wace makaranta ce NOLS, kuma yaya tafiyar take?

Paul Petzoldt, wani gwanin hawan dutse da ya je K2, dutse na biyu mafi tsawo a duniya, da ayarin Amurkawa a 1938, shi ya kafa ta a 1965 a garin Lander na jihar Wayomin. Da hawan dutse ta fara, daga baya ta shiga teku. Tana kai ɗalibai Prince William Sound a Alaska, wurin da jirgin dakon mai Exxon Valdez ya yi haɗari a 1989, tana kuma kai su Baja a Meziko da Patagoniya a Chile.

Doguwar tafiyar kan kai wata guda. Ana raba ɗalibai gida-gida, mutum uku ko huɗu su haɗa tanti da tukunya. Kullum a tashi, a duba sama da teku, a kwance zango, a yi lodi, a tuƙa. Ayari mai kaya yana cin kamar kilomita 5 a awa, don haka tafiyar kilomita 20 wuni ce sukutum idan an haɗa da hutu. Alaska kuwa ruwan sama ba ya jin kunya a can, yana iya yin kwanaki bai ɗauke ba, ga beyar a daji wadda ke sa dole a nisanta abinci daga wurin kwana.

Me teku ke koyarwa wanda aji ba zai iya ba?

A tudu, shugaba yana iya kama hannun wanda ya gaza, ko ya karɓi jakarsa. A teku ba ya iya tuƙa wa kowa jirginsa. Idan iska ta taso, muryarsa ma ba ta wuce 'yan mitoci, sai dai usur da ɗaga filafili sama. Ke nan duk abin da yake so a yi, sai ya riga ya faɗe shi a gaɓa, an fahimta, an amince. Da zarar jirage sun bar yashi, abin da ya rage masa kaɗan ne.

Sa'an nan teku ba ta jinkirta sakamako. A ofis, shugaba yana iya yanke mugun hukunci a yi shekara ba a gane ba, ko a ɗora wa wani laifin. A nan kuwa wanda ya yi kuskuren lissafin cikowar teku zai farka tsakar dare ruwa na lasar tantinsa. A Prince William Sound tazarar da ke tsakanin cikowa da janyewa tana iya wuce mita 4, kuma sau biyu take cikowa a kwana ɗaya. Wurin da ka gani busasshe da magariba, kafin asuba ya zama teku.

To wa ke shugabancin, malamai ko ɗalibai?

A kwanakin farko malamai ne. Daga nan sai su fara ja da baya, kowace rana a naɗa ɗalibi ɗaya ko biyu su zama jagororin ranar. Tun da daddare jagoran zai zauna da taswira da jadawalin cikowar teku, ya saurari hasashen yanayi a rediyo, ya fitar da hanya, wuraren hutu, da kuma inda za a fake in abu ya ɓaci. Da safe ya tara jama'a ya yi bayani. Malamai na gefe, ba sa tsoma baki sai in rai na cikin haɗari.

Wanda ya san tsarin fataken Gwanja ba zai ga baƙon abu a nan ba. Madugu ke da magana ta ƙarshe, amma jagaba ne ke gaba da sanin hanya, wasu kuma na da nasu aikin a cikin ayari. Haka ake yi a ruwa. Ana sa mutum ɗaya a gaba riƙe da kamfas, an hana kowa wuce shi. Ana sa wani ƙaƙƙarfa a baya, shi kuma ba ya wuce kowa. Jagoran ranar yakan zauna a tsakiya ko a gefe inda zai iya ƙirga kawuna. Sabon jagora kusan kullum gaba yake son shiga, kuma a nan yake fara faɗuwa, domin wanda ke gaba ba ya ganin abin da ke faruwa a bayansa, kuma a baya matsala take farawa.

NOLS ta kasa shugabanci gida huɗu: na wanda aka naɗa, na mabiyi mai buɗaɗɗen ido, na tsara da tsara, da na mutum a kan kansa. A ganina na biyun ya fi wuya. Mutumin da jiya shi ne jagora, yau zai bi wanda yake ganin bai kai shi ba, ya taimake shi da gaske ba tare da ya ƙwace ragamar ba, ya kuma buɗe baki idan ya hango kuskure. Manyan ma'aikata da suka saba ba da umarni sukan sha wahala a nan fiye da yara 'yan shekara 18.

Wane hukunci ne ya fi kowanne nauyi?

A tashi ko a zauna. Musamman ranar da za a tsallaka mashigi, wato a bar gaɓa a nufi wani tsibiri ko wancan ƙetare. Mashigi mai faɗin kilomita 8 yana nufin awa ɗaya da rabi ko fiye a buɗaɗɗen ruwa, babu wurin fakewa. A rabin hanya, komawa da ci gaba duk tsayinsu ɗaya.

Abubuwan da jagora ke aunawa sanannu ne. Idan iska ta kai kilomita 20 zuwa 28 a awa, raƙuman ruwa sukan fara fitar da farin kumfa a kai, kuma wannan ya ishi sabon matuƙi. Idan iskar na busowa daga tudu zuwa teku, ita ce mayaudariya: bakin gaɓa lumui kamar an shimfiɗa tabarma, amma kana nisa tana ƙara ƙarfi, tana tura ka waje, dawowa kuma ya zama gaba da gaba da ita. Idan iska da jan ruwa, wato gudun da ruwan teku ke yi wajen cikowa ko janyewa, suka fuskanci juna, raƙuman kan miƙe tsaye su matsu. Jan ruwan ma ba ɗaya yake ba a cikin awa shida na cikowa, ya fi ƙarfi a awa ta uku da ta huɗu. A Alaska akwai iska mai sanyi da ke gangarowa daga duwatsun ƙanƙara ba sallama. A Baja kuma akwai iskar arewa ta lokacin hunturu, wadda kan tsare ayari a gaɓa kwana biyu ko uku.

Duk wannan lissafi ne, ana koyonsa. Abin da ke kayar da mutane daban yake. Guzuri ya fara ƙasa, an gaji da zama, jirgin da zai kwashe su yana jira a wani wuri ran kaza, ga wasu zaratan samari biyu sun riga sun sa rigar ruwa suna kallon jagora. A irin wannan safiya, faɗin "yau ba za mu tashi ba" ya fi tuƙin kilomita 30 wuya. Kuma babu wanda zai yaba maka, domin haɗarin da aka kauce wa ba a ganinsa. In ma rana ta fito da hantsi teku ta kwanta, sai a yi ta yi maka kallon matsoraci. Shi ya sa masu hankali ke yanka sharaɗi tun daren jiya, lokacin da kai ke sanyi: idan mun ga farin kumfa daga gaɓa, ko rediyo ya ce iska za ta wuce kaza, ba tashi. Da safe sai a bi sharaɗin, ba a sake buɗe ciniki.

Idan mutum ɗaya ne kawai ya ji tsoro, sauran duk sun yarda fa?

A saurare shi, kuma a tambaye shi abin da ya gani. Wani lokaci tsoro ne kurum, sai a sa shi a jirgi mai cin mutum biyu tare da gwani. Wani lokaci kuwa shi kaɗai ne ya lura cewa abokin tantinsa bai ci abinci ba tun jiya.

Matsalar ita ce mai tsoro ba ya magana in an bar shi. Idan jagora ya ce "Kowa ya shirya ko?" amsa ɗaya ce zai samu. Saboda haka ake da dabaru: a fara tambayar sababbi kafin gwanaye su yi magana, ko a ce kowa ya rufe ido ya ɗaga yatsu daga ɗaya zuwa biyar gwargwadon yadda hankalinsa ya kwanta. Ian McCammon, wanda ya koyar a NOLS, ya bi diddigin haɗurran zaftarewar dusar ƙanƙara a Amurka a farkon shekarun 2000, ya fitar da tarkunan da ke kama masu ilimin abin. Daga ciki akwai sabo da wuri, nacewa a kan shirin da aka riga aka yi, son burge abokan tafiya, da sakin jiki saboda akwai gwani a cikin ayari. Duk suna aiki a teku.

An daɗe da sanin ruwa kan ci gwani. A watan Disamba na 2015, Doug Tompkins, wanda ya kafa kamfanin The North Face, yana tuƙi a tafkin General Carrera na Chile tare da abokansa biyar, cikinsu har da Yvon Chouinard da Rick Ridgeway, mutanen da suka shafe rayuwarsu a dutse da ruwa. Iska ta taso, jirginsa ya kife a ruwa mai tsananin sanyi, ya rasu yana da shekara 72.

Yaya ake yi da wanda ba ya iya sauri?

Ayari da saurin mai jinkirin yake tafiya, ko an so ko an ƙi. Mugun salo shi ne masu ƙarfi su yi gaba, su tsaya su huta, da ya iso sai su sake tashi. Su sun huta sau goma, shi ko sau ɗaya bai huta ba. Gyaran mai sauƙi ne: a sa shi kusa da na gaba, a rage masa kaya, hutu kuma ya fara daga lokacin da na ƙarshe ya iso.

Idan abin ya ci tura, akwai igiyar ja da ake ɗaurawa a ƙugu. Sai dai igiya tana taɓa mutuncin mutum. Jagora mai wayo yakan sa kowa ya ja kuma a ja shi tun a makon farko, a ruwa kwantacce, har da malamai, ta yadda ran da aka bukace ta da gaske ba za ta zama abin kunya ba.

Idan wani ya kife a tsakiyar teku, me ake yi?

A nan shawara ta ƙare, umarni ya fara. Mafi kusa da shi ya nufe shi, ya kama hancin jirgin da ya kife, ya ɗaga shi a kan nasa don ruwa ya zube, ya juya shi, ya jera jiragen biyu ya danne da ƙarfi har mutumin ya hau. Sauran su tattaru wuri ɗaya su fuskanci iska. Ba a son kowa ya ruga ceto, domin jirage biyar a wuri ɗaya cikin raƙuman ruwa kifewa ta biyu suke jawowa. Jagora ma, in da hali, ba shi ke ceton da hannunsa ba. Aikinsa ya ja gefe ya ga duka filin: ina iska ke kai mu, kowa na nan, ina gaɓa mafi kusa.

Gaggawar saboda sanyi ce. Ruwa na zuƙe ɗumin jiki ninki wajen 25 fiye da iska mai sanyi iri ɗaya. Farfesa Gordon Giesbrecht na Jami'ar Manitoba a Kanada ya taƙaita abin da 1-10-1: minti ɗaya na farko numfashi ke ƙwacewa, sai ka kama kanka, minti goma kake da su kafin hannuwa su daina biyayya, kusan awa ɗaya kafin sanyi ya gusar da hankali, shi ma sai in kana sanye da rigar da ke hana nutsewa. Don haka ake maimaita atisayen ceto har ya gunduri kowa. Rediyon oba-oba na ruwa kuma yana jikin mutum, ba a cikin rumbun jirgi ba, a kan tasha ta 16 da ake kiran agaji.

An taɓa samun tafiyar da sakacin shugabanni ya jawo asarar rai?

Wadda aka fi tunawa ita ce ta Lyme Bay a kudancin Ingila, ranar 22 ga Maris, 1993. Ɗalibai takwas daga wata makaranta a Plymouth, da malaminsu, da masu horarwa biyu na wata cibiyar wasanni, suka tashi daga Lyme Regis za su Charmouth, tafiyar da ba ta fi kilomita 3 ba a gefen gaɓa. Tun ba a yi nisa ba malamin ya fara kifewa. Mai horarwa ɗaya ya tsaya a kansa, ɗayar ta tara yaran suka riƙe jiragen juna. Iska daga tudu take busowa, ta yi ta tura su waje inda raƙuman suka fi girma. Ba su da zanen robar da ke rufe bakin jirgi, ruwa ya cika jiragen, yara suka zube a ruwan sanyi na watan Maris. Ba su da harsashin wuta na neman agaji. Da lokacin dawowarsu ya wuce, cibiyar ta ɓata awanni tana nema da kanta kafin ta kira masu gadin gaɓa. Da jirage masu saukar ungulu suka tsamo su da yamma, huɗu daga cikin yaran ba su rayu ba.

Abin da ya fi ciwo ya fito a kotu. Watanni kafin haɗarin, wasu masu horarwa biyu da suka bar aiki a cibiyar sun rubuta wa shugaban kamfanin OLL, mai cibiyar, wasiƙa suna gargaɗin cewa in ba a gyara ba za a rasa rai. A Disamba 1994 aka samu shugaban, Peter Kite, da laifin kisa ta hanyar sakaci, aka yanke masa shekara uku, kamfanin OLL kuma aka ci shi tarar fam 60,000. Wannan ne karon farko da aka kama kamfani da irin wannan laifi a Ingila. A 1995 majalisa ta yi dokar da ta wajabta wa irin waɗannan cibiyoyi lasisi.

Mutumin da aka ɗaure ba ya cikin ruwa ran nan. Masu horarwar da ke ciki ba su da ƙwarewar da aikin ke bukata, kuma ba su suka ɗauki kansu aiki ba. An yanke hukuncin da ya kashe yaran nan a ofis, tun kafin su ga teku.

Ana faɗa a zango?

Ana yi mana, zo mu zauna ai zo mu saɓa ne. Kuma ba a kan manyan abubuwa ba. A kan wanda kullum sai an gama ɗaukar jirage yake fitowa daga tanti, da wanda ke zuba wa kansa babban rabo, da mai barin tukunya da ƙanzo. Jirgi mai lodi sai mutum huɗu ko fiye sun ɗauka, a kan duwatsu masu santsi, safe da yamma. Ba a kwana uku ba a san mai zillewa ba.

Petzoldt ya ɗauki wannan a matsayin fanni mai zaman kansa, wato halin zaman ayari, ana koyar da shi ana kuma auna ɗalibi a kai kamar yadda ake auna tuƙinsa. Ka gama naka ka taya wani, ka kula da jikinka don kada ka zama kaya, ka faɗa wa mutum damuwarka a gabansa tun tana ƙarama. Kowace yamma ana zama a warware ranar, jagora ya fara faɗin inda yake ganin ya gaza, sa'an nan saura su faɗa masa nasu. Hukumar NASA ta ga amfanin wannan, tun 1999 take tura 'yan sama jannati NOLS, domin wanda zai yi wata shida a ɗaki ɗaya da mutane a sararin samaniya, gara a san halinsa tun a ƙasa.

Darasin yana bin mutum har gida kuwa, ko talla ce kawai?

Da talla a ciki. Kamfanonin da ke kai ma'aikata tuƙin kwana biyu su ce sun dawo da shugabanni, yawon shaƙatawa suka sayar. Kwana biyu kowa na iya ɓoye halinsa.

Abin da ke bin mutum ƙananan ɗabi'u ne da ya maimaita har suka zauna: yin bayani kafin a fara aiki, tambayar ƙarami kafin babba ya yi magana, yanka sharaɗin fasawa tun kafin a shiga, zama bayan aiki a duba yadda aka yi. Akwai kuma inda misalin ba ya kaiwa. A teku burin kowa ɗaya ne kuma haɗarin kowa ɗaya ne, a wurin aiki kuwa wani na iya cin riba daga faɗuwar wani.

Musulmi zai iya shiga irin wannan tafiya? Salla da abinci fa?

Zai iya, amma ya yi magana tun wajen cike takarda, kada ya bari sai an shiga ruwa. Guzurin yawanci busasshe ne, shinkafa, taliya, wake, fulawa, cuku, don haka kauce wa abin da bai halatta ba ba shi da wuya idan abokan tukunya sun sani. Kamfas ɗin tuƙi zai taimaka wajen alƙibla, sai dai a tambayi inda take daga can tun kafin tashi, domin ba gabas ba ce kamar a gida.

Lokaci ne abin lura. A wannan yanki na Alaska, rana kan yi awa 19 a sama a ƙarshen watan Yuni, dare kuma ba ya yin duhu sosai. A nemi malami tun a gida a ji hukuncin ƙasaru da haɗa salloli da yadda ake lissafin lokaci a irin wannan wuri. Sa'an nan a gaya wa jagoran rana tun da daddare, lokacin da yake zana hanya, don ya sa hutun gaɓa ya dace da azahar. Ba a tsayawa a tsakiyar mashigi, amma jagoran da aka sanar da wuri yana iya matsar da awar tashi.